Jif Ɗin Alhaji Barau a Lungun Surukai

Ranar Asabar ce, sha huɗu ga watan Agusta. Tun asuba aka sheƙa ruwa a Zariya, gari ya waye luf, kwatoci sun cika har sun tumbatsa. Ranar ce za a kai lefen ɗan Alhaji Barau cikin gari.

Shi Alhaji Barau, ko ba ka san shi ba ka san jif ɗinsa. Tsohuwa ce, baƙa wuluk, faɗinta ya kusa na shago. In ya tayar da ita, kajin unguwa sai su watse. Kuma a aljihunsa akwai wata wasiƙa da ya rubuta wa ƙanensa mai sayo motoci a Legas, wai a aiko masa da wadda ta fi wannan girma. Wata biyar yana zaro ta a majalisa yana karanta wa mutane, bai aika ba.

"Manya ba sa sayen mota ta waya," in ji shi.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne motar taubashiyarsa Uwani, ungozomar asibiti da ta yi ritaya. 'Yar ƙarama ce mai ƙirar jif, mai tsayin ƙafa, ga araha, ga rashin shan mai. Da safen nan tana tsayawa a ƙofar gida ya leƙa ta ta gaba, ya leƙa ta ta baya.

"Uwani, an yaye ta kuwa, ko har yanzu nono take sha?"

"An yaye ta, Barau. Taka ce dai ba ta ƙoshi, tanki guda kafin Kwangila."

Kai lefe aikin mata ne, amma Alhaji ya kafe shi zai tuƙa akwatunan da kansa. So yake surukai su ga gidan da 'yarsu za ta shiga. Aka kwantar da kujeru, aka loda akwati shida a jif.

"Na san lungun gidan nan," in ji Uwani. "Sau uku ina karɓar haihuwa a cikinsa. Taka ba za ta shiga ba."

"Wannan? Motar da ta ƙetare kogi da damina, kifi na leƙo ni ta taga? Ke dai biyo ni a baya da 'yar tsanarki."

Suka kama hanya, yana gaba yana fesa wa masu babur ruwa. Da suka iso bakin lungun, katangu biyu na ƙasa sun sha ruwa sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Can ƙurya matan gidan amarya sun fito tarya. Alhaji ya hango su, ya gyara hula, ya danna oda, ya taka.

Ƙiiiii! Madubin dama ya ce ƙwas. Na hagu ya bi shi. Mota ta cije.

Ya sa giyar baya, taya ta yi ta juyi a caɓi, wuuu, ko motsi. Ya tura ƙofa, katanga. Ya miƙa ya tura ɗayar, katanga. Guɗar da mata suka fara ta mutu a maƙogwaro.

Uwani ta fito daga motarta. Ta sa aka buɗe but ɗin jif, aka kwashe akwatunan. Ta kwantar da kujerun bayan motarta, huɗu suka shige tsaf, mata 'yan rakiyar lefe suka ɗauki ƙananan biyu a ka. Ta yi baya, ta bi wani lungun da ya fi wannan matsi, ta haye kwata kamar akuya, sai ga ta a ƙofar gidan amarya. Guɗa ta dawo. Aka shiga da kaya, aka buɗe, aka sa albarka.

Shi kuwa Alhaji yana can yana haɗa gumi. Ƙofa ɗaya ta rage masa, wadda akwatuna suka bi. Ya fara rarrafe da baya, ga tumbi, ga shadda mai sitaci. Aljihun rigar ya maƙale a giya, ɓaaar! Maza biyu suka kama ƙafafunsa.

"Ku ja a hankali! Kun san ko ni wane ne?"

Daidai lokacin uban amarya ya zagayo don ya gaida surukinsa, kakar amarya na biye, Uwani na gefenta. Abin da suka fara gani tafin ƙafa ne, sai wando, sai sauran. Timm! Alhaji ya dira a caɓi, hula ta tafi da ruwan kwata.

"Oh ni!" in ji tsohuwar. "Wannan akwatin na bakwai ba a buɗe mana shi ba."

Uwani ta duba shi sama da ƙasa irin duban ma'aikata. "Shekara talatin ina karɓar haihuwa, Inna. Yau na fara ganin wanda ya zo ta ƙafa da babbar riga."

Ranar Litinin jif na wurin masu gyara, don haka Uwani ce ta kai shi gidan waya. Ya zauna a gaba, yana shafa kujera a sace.

"Wai me ma sunan motar nan?"

"Me za ka yi da shi?"

"Don in gargaɗi jama'a."

Ta faɗa masa. Ya juya mata baya, ya zaro sabuwar wasiƙar da ya rubuta wa ƙanensa, ya ƙara wani abu, ya liƙe ambulan, ya sauka ya jefa a akwatin gidan waya. Ban da sunan motar, layi uku ne kacal a ciki: "Irin ta Uwani sak. Amma baƙa, don ta yi kwarjini. Kada ta ji."