Fartanyar Malam Haladu

"Lafiya lau, Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki, amarya?"

"Jiki da sauƙi. Amaryar da aka yi wa yaji tun Sallar Layya? Tashi daga durƙuson nan kafin ƙashin gwiwarka ya huda mini tabarma."

Haladu ya gyara zama yana dariya. Tasalla, kakarsa ta wajen uba, tana zaune a ƙofar ɗakinta a Roni da hantsi, tana ɓarar gyaɗar iri, don ruwan farko ya riga ya sauka. Sunan marigayi mijinta yaron ya ci, shi ya sa bakinta bai taɓa furta sunan ba, Maigida take ce masa. Malami ne a wata makaranta a Kazaure, kuma yakan ɗauki gajerun bidiyo da wayarsa ya saka a intanet, yana warware manyan tambayoyin falsafa da Hausar da mai shayi da mai faci za su gane. Ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ta ga ya rame, amma ba ta bari tausayin ya fito a fuskarta ba.

"Babur ne ya kawo ka ko iska ce ta kwaso ka?"

"Kewarki ce ta cinye ni."

"Surutu dai ya cinye ka. Mutum ya kafa waya a gabansa yana zuba shi kaɗai kamar mai iskokai, ba mai ce masa uffan."

"Mutane ne rututu ke amsa mini, tsohuwa. Har daga Damagaram, har daga Makka."

"Ashe marasa aikin yi sun kai har Makka."

"Tsaya tukuna. Ina kika san ina kafa waya? Wato kina kallona a ɓoye."

"Allah ya sawwaƙe. Batulu ce ke kunnawa in tana tankaɗe, ni kuma kunnena ba shi da murfi."

Gaskiyar magana, ita ce ke sa Batulu, matar ɗanta Sabiru, ta kunna mata, wani lokaci ta ce a maimaita. Ba fuskar take kallo ba. Idanu take rufewa, domin muryar ta marigayi mijinta Malam ce sak, har da gyaran muryar nan da yakan yi kafin ya ce, "To, ka ga." Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"To me ya kawo ka?" ta ce. "Na san dai ba Allah da Annabi ba ne."

"Aro na zo. Fartanyar Malam nake so, ta yini ɗaya."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗa.

"Kai da rabonka da gona tun kana yawo ba wando? Me za ka nome, gemun nan naka da ya ƙi fitowa?"

"Darasi zan yi da ita."

"Wannan fallasar taka?"

"Falsafa, amarya. Fal-sa-fa."

"Duk ɗaya ne, tunda a gaban duniya kake yi."

"Falsafa ba wani dodo ba ce. Mutum ne zai tsaya ya tambayi abin da kowa ya ɗauka ya riga ya sani. In na ɗauko sunayen mutanen zamanin da na ƙasashen nesa, kafin in rufe baki an wuce ni an tafi kallon masu rawa. Amma in na ɗaga fartanya, kowane ɗan Roni da Gwiwa zai tsaya, don gidansu akwai irinta."

"Sai ka ce musu me? Ga fartanya, ana noma da ita?"

"Sai in tambaye su abin da zan tambaye ki yanzu. Ƙotar da ke jikinta, ita ce wadda Malam ya riƙe?"

"A'a. Waccan ta tsage bayan rasuwarsa, Sabiru ya sa sabuwa."

"Ruwanta fa, ƙarfen da ke cin ƙasa?"

"Ya cinye ya koma kamar cokali. Bara aka kai wa maƙeri ya yi sabo."

"To ƙota sabuwa, ruwa sabo. Mene ne na Malam a jikinta?"

Tasalla ta waiwaya ta dubi ɗakinta. Fartanyar tana rataye a bayan ƙofar ɗakinta, kowace safiya sai idonta ya faɗa kanta. In damina ta zo takan ba Sabiru ya yi noman farko da ita, ya wanke ya dawo mata da kayarta. Ba ta taɓa tunanin cewa babu inda hannun Malam ya taɓa a jikin abin da take ajiya ba. Ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta jefi Haladu da shi.

"Amma kai mugun miji ne. Ka hau babur tun daga Kazaure don ka raba ni da fartanyata da baki?"

"Ban raba ki ba, tambaya na yi."

"To kai fa? Haƙoran da na san ka da su duk sun zube, wasu sun fito. Kan nan mai kama da tulu da na riƙa shafa wa man shanu, gashin an aske shi ba adadi. Sai in ce ba kai ba ne, in kira Sabiru ya fitar mini da baƙo daga gida?"

"Madalla. Kin ga kin shiga aji ba ki biya ko sisi ba. Haka nake so a yi ta musu a ƙarƙashin bidiyon. Wani zai ce abu shi ne itacensa da ƙarfensa, in sun tafi ya tafi. Wani zai ce a'a, tunda ba rana ɗaya aka sauya su ba, kuma aikin bai yanke ba, ita ce dai. Wani kuma zai ce a zuciyar masu ita take zaune."

"Kai kuma ka ce me?"

"Ni ba na yanke hukunci. Ina barin kowa ya kwana da tambayar."

"Ka ji ragon alƙali. A tara jama'a, a ɗaure musu kai, a ce su tashi."

"In na ba su amsa, tawa ce. In suka nemo, tasu ce."

Ta ci gaba da murza gyaɗa a tafin hannu. Sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kuma wannan darasin, kafin jirgin ya tashi za ka yi shi, ko sai ka sauka?"

Dariyar da ke fuskar Haladu ta ɗauke.

"Wa ya gaya miki?"

"Kai. Da bakinka. Ka ce, 'Masu saurarona, na samu gurbin ƙaro karatu a Turkiyya, zan yi 'yan shekaru.' Batulu ta yi wuf za ta kashe, na ce bar shi ya ƙarasa. Mutanen Makka sun ji, mutanen Damagaram sun ji, sannan ni da ke nan kusa na tsinta a bakin waya kamar sanarwar ɓatan akuya."

"Kaka," ya ce. Rabon da ya kira ta da wannan sunan har ta manta. "Na zo zan gaya miki ranar Juma'ar nan da ta wuce. Na kai har bakin dutsen can na shigowa gari, na juya. Gaya wa waya ya fi sauƙi, ita ba ta kallona."

"Matsoraci. Mai sunanka ko fatauci zai tafi, a nan yake tsayawa ya ce, 'Tasalla, zan tafi, ban san ranar dawowa ba.' Ya faɗa ya ɗauki jakarsa."

"Ke kuma ki yi me?"

"In ce Allah ya tsare, in shiga ɗaki. Abin da nake yi a ɗaki ba ruwanka."

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa lissafin da take yi tun ranar da ta ji labarin ya dawo mata: 'yan shekaru a wurin saurayi ba komai ba ne, amma a wurin wadda sai ta dafa bango take miƙewa, magana ce babba. Ba ta so ya ga wannan lissafin a idonta, sai ta miƙa masa hannu.

"Ɗaga ni, raggo. Ko shi ma sai ka tambayi masu sauraronka?"

Ya ɗaga ta. Ta shiga ɗaki ta daɗe, yana jin ƙarar jan akwati a ƙarƙashin gado. Da ta fito, fartanyar na hannunta na dama, a hagu kuma wani dogon abu naɗe cikin tsohon zane. Ta ajiye fartanyar a gabansa.

"Ga ta. A tsakar gidan nan za ka yi fallasarka, ba za ta kwana a Kazaure ba."

"Na yarda. Wancan fa?"

Ta warware zanen a hankali. Tsohuwar ƙota ce, ta yi baƙi tana sheƙi, da tsaga tun daga wuya har kusan tsakiya. Wurin riƙo ya lotsa, ya yi santsi.

"Sabiru ya jefa ta cikin itacen girki, na tsame ta."

Haladu ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita sosai ba.

"Kin san masu wannan tambayar ma sun kai nan? Suka ce, to in wani ya adana tsofaffin sassan ya sake haɗa su, wacce ce ta ainihi, sabuwar ko tsohuwar? Da shi na yi niyyar rufe darasin, ina ta tunanin inda zan samo misali. Ashe yana ƙarƙashin gadonki."

"Su ma ashe suna da tsofaffi masu ɓoye tarkace."

"Ki bari in nuna ta a bidiyon."

"Ba za a nuna ba. Wannan ba ta mutanen Makka ba ce. Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta ɗora masa ƙotar, ta kama yatsunsa ta naɗe su a wurin da ya lotsa. Hannun ya zauna daidai, kamar don shi aka sassaƙa. Ta bar nata a kan nasa ɗan lokaci kafin ta janye.

"Ka tafi da ita can. Aro na ba ka, ba kyauta ba. Kuma ba aike nake so ba, kai da ƙafarka za ka shigo gidan nan ka miƙo mini."

"In sha Allahu." Ya yi gyaran murya, ya ƙaƙalo murmushi. "In na dawo na tarar kin yi wani auren fa?"

"Ka tarar ɗin. Yanzu ma layi ake yi, liman ne kawai ke ba su haƙuri."

"To a filin jirgi in suka ce wannan sandan na mene ne, in ce me? Ba sa barin mutum ya shiga da makami."

"Ka ce na matarka ne. Ka ce ta ba ka ajiya ne don kada ta sha wahalar nema ranar da za ta karya maka ƙafa in ka daɗe."

Haladu ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗo, ya rungume ƙotar a ƙirjinsa.

"Kin ci, amarya. Yau kam kin ci."

"Da can wa yake ci?" in ji Tasalla. Ta jawo ƙwaryar gyaɗarta tana dariya, ta sa bakin mayafi ta goge ido. "Kafa wayar taka ka fara, in ji ko yau za ka faɗi abin hankali."