Dardumar Nazario a Kife

"Ina kwana, Mama Mira? Ashe kina nan. Na ɗauka iskar jiya ta yi gaba da ke."

"Lafiya lau, mai fentin bayan mota. Iskar ta zo, da ta ga irin jikan da Allah ya haɗa ni da shi sai ta ce wahalar ta ishe ni haka, ta wuce."

Doña Casimira, wadda ake kira Mama Mira, na zaune bakin tagarta da kofin kunun masara a hannu, tana kallon Layin Rijiya da ya cika da mutane tun fitowar rana. Ranar idin San Sebastián ce, waliyyin garin. Wani kafinta ya kawo buhunan garin katako, matan layin sun rina shi ja da kore da shuɗi, yanzu ana jiran a shimfiɗa shi a kan titi ya zama darduma kafin ƙarfe huɗu, lokacin da mutum arba'in masu ɗauke da mutum-mutumin waliyyin a kafaɗa za su bi ta kai. Shekara uku ke nan tun rasuwar mijinta Don Anacleto layin bai shimfiɗa ko tabarma ba, kuma kwamiti ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in bana ma babu, jerin gwanon ya koma Layin Maƙera, ba zai sake dawowa ba. Shi ya sa jikanta Nazario ya baro babban birni, inda yake yi wa motocin haya ado, ya zo ya durƙusa a titi da alli a hannu.

"Na zo maganar allunan Kaka ne," in ji Nazario, yana kaɗe gwiwa. "Waɗanda aka huda siffar tattabaru da furanni a jiki. In muka ɗora su muka zuba gari, gefe da gefe zai ƙare kafin rana ta take."

"Waɗanne alluna? Gara ta cinye."

"Jiya kin ce ɓera."

"Tare suka ci. Gara ta ci tattabarun, ɓera ya ci furen."

"Gidan da ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya shiga? Tsohuwa, ki ji tsoron Allah, yau ranar idi ce."

"Kai da aka ce ka shahara a birni, har direbobi na layi, me za ka yi da katakon matacce? Zana da hannunka mana. Ko sai an kawo maka mota ka tsaya a bayanta sannan basirar take zuwa?"

Allunan suna nan ƙalau a ƙarƙashin gadonta, cikin akwati, makullin kuma na rataye a wuyanta. Ba rowa ce ta hana ta ba. Ranar ƙarshe da aka fito da su, Anacleto ya shigo gida hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, kuma da sauran shuɗin nan a farcensa aka binne shi bayan kwana tara. Ba ta son ganin allunan, iyakar maganar ke nan, amma ba za ta faɗa wa wannan mai dogon baki ba.

Nazario ya koma tsakiyar titi. Ya riga ya zana ƙaton tulu da furanni na fitowa daga bakinsa, a ƙasa ya rubuta barka da zuwa da irin harufan nan masu lanƙwasa na jikin mota. Har an shimfiɗa katako a kan duwatsu, mata biyu sun hau suna tankaɗe jan gari da rariya, wani dattijo na bin su da yayyafin ruwa don kada iska ta kwashe. Aikin ya yi kyau, wannan ko ita ba ta musu. Ta ƙare kununta a tsanake, ta suɗe cokali, sannan ta yi gyaran murya.

"Nazario, wa kake yi wa barka da zuwa?"

"Ke mana. Shekara tamanin kina hanya, ai kin cancanta."

"Saba'in da shida, marar kunya. Na ce wa zai karanta?"

"Waliyyi, in ya fito daga coci ya gangaro."

"Ya gangaro. To sannu. Wa ya ce maka gangarowa yake yi?"

"Ga coci can sama, ga mu nan ƙasa. Ko bana tashi zai yi?"

"Ta bayan coci ake fita da shi, a zaga maƙabarta ya gai da mutanensa, a biyo ta kasuwa, sannan ya hauro layinmu zai koma gida. Ta ƙasa yake shigowa, ɗan birni. Tulunka a kife zai tarar, ruwa ya zube, furanni sun yi kai ƙasa. Rubutun kuwa sai dai mutum arba'in ɗin nan su juya su hauro da shi da baya."

Matan da ke kan katako suka tsaya da tankaɗe. Dattijon mai yayyafi ya dubi coci, ya dubi kasuwa, ya dafe kai. Kowa a layin ya san hanyar nan tun yana goye, amma kowa ya ɗauka ɗan birni ya san abin da yake yi.

"Tun yaushe kika gani?" in ji Nazario.

"Tun kana zana gindin tulun."

"Kika yi shiru?"

"Kunu nake sha. Ba a magana da abinci a baki, ko a birni ba a koya muku ba?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi tsawon titin da ko kwata ba a rufe ba. Da hannu ɗaya da alli ɗaya ba zai sake wannan zane kafin huɗu ba, ita ma ta sani. Ta ga yadda ya tsaya ya saki kafaɗa yana murza alli a tafin hannu, tsayuwar kakansa sak. Ta tuna kuma da matan Layin Maƙera da yadda za su gaishe ta a kasuwa gobe.

"Zo nan, kai. Sunkuyo."

Ta cire zaren makullin daga wuyanta ta rataya masa.

"Ƙarƙashin gado. In ka taɓa mini kwalbar man zafi zan sani."

"Ashe garar ta yi amai."

"Wuce kafin in fasa."

Da ya fito da akwatin, layin gaba ɗaya ya taru. Alluna goma sha huɗu, an huda siffar tattabara da fure da zangarniyar masara a jiki, duk sun sha rini har katakon ya koma baƙi. Da irinsu ko wanda bai taɓa riƙe alli ba zai iya, ɗorawa ne kawai a tankaɗa a ɗaga. Nan da nan aka share jan garin, aka rarraba alluna gida-gida, masu kaɗa marimba, abin kiɗan nan na katako, da ke gwaji a ƙofar shagon aski suka saki kiɗa.

Nazario ya juya allo ɗaya zai kaɗe ƙura, sai ya tsaya. A baya an zana kibiya da baƙin fenti, an rubuta kasuwa a bakinta. Ya juya na biyu, haka. Na uku ma haka.

"Mama Mira, wannan ai rubutunki ne."

"Na wa kake so ya zama? Kakanka ko ƙwai ka ce ya zana sai ya fito da kusurwa. Ni nake zanawa, shi ya yanka, gari ya yi ta yabonsa."

"Kibiyar fa?"

Ta ajiye kofin a bakin taga.

"Shekarar da ya fara zuwa layin nan, baƙo daga gaɓar teku, a kife ya shimfiɗa tasa. Ina bakin tagar nan ina shan kunu. Sai da ya kai rabi na faɗa masa."

"Shi ma sai da kika ƙare kunun?"

"Har na ƙara kofi. Shi kyakkyawa ne, kallonsa nake yi."

Nazario ya zauna daɓas a kan buhu yana dariya har da hawaye.

"Na sallama, tsohuwa. Ashe gado na ci."

"Ka ci kuskuren, kyan ne bai iso ka ba. Miƙo mini rariya, ka zo ka kama ni in sauko. Shuɗin nawa ne, kada wanda ya taɓa."