Yadda Ake Zama Gwarzon Talakawa Ba Tare da Gonarka Ta Rasa Ruwa Ba

Kai da kake son a riƙa nuna ka ana cewa ga mai kishin talaka, amma ba ka son a taɓa maka ko ganyen tumatir ɗaya, matso kusa. Matakan nan tabbatattu ne. An gwada su a ranin da korona ta rikita duniya, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a kan wani manomi mai suna Hambali. Cikin mako uku sunansa ya kai har Madobi. In ka bi su, naka ma zai kai.

Mataki na 1: Nemi gona a bakin kanal

Gonar Hambali ita ce ta farko da ke shan ruwa idan an buɗe ƙofar kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Bayansa akwai mutum goma sha biyu a jere. Na ƙarshensu wani dattijo ne mai noman albasa, Malam Muhammadu Sani, wanda ruwa ba ya isowa wurinsa sai rana ta karkata. Kada ka raina wannan mataki. Masana sun tabbatar cewa bakin mutum ya fi iya zancen adalci idan gonarsa a jiƙe take.

Mataki na 2: Saurari rediyo, ka tsinci kalmomi uku

Jari-hujja, danniya, manyan ƙasashe. Fiye da haka nauyi ne. Sai ka je teburin mai shayi, takunkumi a ƙasan haɓa, ka yi yadda Hambali yake yi.

"Ku duba fa," in ji shi. "Cuta ta kama duniya baki ɗaya, amma allurar rigakafi manyan ƙasashe sun saye ta tun tana masana'anta. Wasu sun tara fiye da yawan mutanensu, mu ko ɗigo. Da aka yi kulle aka ce kowa ya zauna a gida, mai albashi ya zauna yana kallon talabijin, mu tumatirinmu ya ruɓe a bakin titi. Abin da rai ke buƙata ai na kowa ne."

Ka lura, duk gaskiya ya faɗa. Daɗin wannan sana'ar ke nan, ba sai ka yi ƙarya ba.

Mataki na 3: Tanadi buhunan yashi

Da an idar da sallar asuba, jera buhu uku a cikin kanal, ƙasa kaɗan da mashigar gonarka. Kada ka kira shi tare ruwa. Sunansa tanadi.

Matsalar ita ce iyali suna da ido. Matar Hambali, Kubra, ta tare shi a tsakar gida.

"Baban Humaira, buhunan da na wanke na shanya, ina suka shiga?"

"Suna aikin al'umma."

"Matar Malam Sani ta ce albasarsu ta fara kwanciya."

"Sauyin yanayi ne. Shi ma manyan ƙasashe suka jawo."

Kubra ta dube shi tsawon lokaci, ta koma kan tukunyarta. Idan taka ta yi maka irin wannan kallon, ka nemi hularka ka fita.

Mataki na 4: Kada ka bar dattijo ya yi tambaya

Wata safiya Malam Muhammadu Sani ya zo teburin shayi, ƙafafunsa fari fat da ƙurar gonar da ya kamata ta zama laka. Ya zauna ya saurari jawabi har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Malam Hambali, ni ban yi boko ba, ka ƙara mini haske. Su ƙasashen nan, kusa da masana'antar suke?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Mu kuma muna can ƙarshen layi."

"Ka gane ke nan."

"To su da buhu nawa suka tare ta?"

Mai shayi ya sunkuyar da kai yana ta juya cokali a kofin da babu komai. Idan haka ta same ka, mafita ɗaya ce, ka yi tari. Hambali ya yi tari sau biyu, benci ya watse, aka bar shi da shayinsa.

Mataki na 5: A wurin taro, fi kowa zafi

Manoman layin suka kira taro a gindin mangwaro don naɗa mai kula da rabon ruwa. Ƙa'idar ita ce, wanda ake zargi ya riga kowa fushi. Hambali ya miƙe, ya zagi jari-hujja har gumi ya keto masa, sannan daɗin baki ya ɗebe shi.

"Duk wanda za mu naɗa," in ji shi, "gonarsa ta zama ta ƙarshe wajen shan ruwa. Kuma ya bi ruwan da ƙafarsa har ƙarshen kanal. Shugabanci ke nan."

Aka yi tafi. Malam Muhammadu Sani ya ɗaga hannu a hankali.

"Na goyi baya. Kuma na tsayar da Malam Hambali."

Hannaye goma sha biyu suka tashi. Hambali ya gwada tari, amma a fili ake, iska na kaɗawa, babu wanda ya motsa.

Mataki na 6: Daga nan kada ka bi Hambali

Washegari, a gaban jama'a, ya shiga kanal ya ciro buhunan da kansa. Ya toshe mashigar gonarsa, ya bi ruwan gona bayan gona. Bai taɓa zuwa ƙarshen layin ba sai ranar. Ya tarar da dattijon a tsugune, yana tona ƙasa da yatsu. Dattijon ya ciro albasa ɗaya da ba ta fi dabino ba, ya ɗora wa Hambali a tafin hannu.

"Wata uku ke nan, Malam Hambali. Da ita nake ciyar da mutum tara."

Hambali ya laluba kalmominsa uku, ya rasa wadda za ta shiga wurin. Sai ya karɓi fartanyar dattijon, ya buɗe wa ruwan hanya, ya tsaya har ƙasa ta sha ta ƙoshi.

Rabin albasar ta tashi, rabin ta riga ta mutu. Tumatirin Hambali bai kai na bara ba, amma bai kashe shi da yunwa ba. Har yanzu yana zagin manyan ƙasashe a teburin shayi, sai dai jawabin ya gajarce saboda ciwon baya, kuma yanzu mutane suna zama har ya gama.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora bai ɗauki alhakin duk wanda aka naɗa wa shugabanci, ko ya yi asarar buhuna, ko bakinsa ya jawo masa aiki ba. Musamman ba ruwana da wanda ya je ƙarshen kanal ya ga abin da ke can, zuciyarsa ta yi laushi, domin ba ni na aike shi ba. Mai ƙorafi ya nemi Hambali. Zai same shi a cikin laka har gwiwa, kuma kafin ya gama gaisuwa an miƙo masa fartanya.