Ranar da Gwaggo Ta Sari Yallaɓai

Jiya da hantsi kazar gidana ta sari wani babban jami'i a bayan hannu, har jini ya ɗan fito, kuma an umarce ni da in rubuta takardar ban haƙuri. Ni ban iya rubutun ofis ba, don haka na ce bari in rubuta ta a nan, kowa ya zama shaida.

Kazar sunanta Gwaggo. Baƙa ce, ga sanƙon wuya, ga ƙafafu duk kaushi, ba wanda zai gan ta ya ce kyakkyawa. Mahaifiyar matata ce ta ba ta ita shekarar da za ta rasu, shi ya sa a gidanmu ko ni ban isa in kore ta daga kan tabarma ba. Shekara biyar tana cika mana tsakar gida da 'yan tsaki. Shirwa ta gwada ta sau biyu, ta koma neman abinci wata unguwa.

Wata huɗu da suka wuce, Mai Girma Uban Tsare-tsare, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ƙaddamar da shirin raba wa kowane gida "kaji ingantattu". A makon da muke yini a layin mai, motoci goma sha biyu ne suka rako kajin nan unguwarmu. Aka kafa rumfa, aka yanka kintinkiri, aka yi jawabi har kajin suka fara haki a cikin kwali. Kafin a ba ka ukun da aka ware maka, sai ka cike takarda, ka faɗi irin kajin da kake da su a gida. Gurbi biyu ne kawai: ingantacciya, ko marar inganci.

Matata ta leƙa takardar ta ce wa mai rubutu, "Ɗana, ina gurbin mai hankali?"

Bai ɗago kai ba. Ya yi wa Gwaggo alama a gurbin marar inganci, ya kuma shawarce mu da mu rabu da ita don kada ta ɓata iri.

Maƙwabcina Tela ya bi shawarar, ya rabu da kajinsa na gida, ya bar zakara ɗaya saboda shi ne agogonsa. Ni ma na so in bi, domin sababbin kajin sun shiga raina: jajaye, manya, gashi sumul. Matata ta ce, "Baban yara, baƙuwar kaza ba ta shiga akurkina sai ta yi mako biyu a keɓe, na ga kashinta, na ji numfashinta." Na ce ai daga hannun hukuma suka fito. Ta ce shi ya sa za ta ƙara musu mako ɗaya.

Gaskiya ba zan ci haƙƙinsu ba, suna ƙwai kullum. Amma ba su iya tono ba. Sai su tsaya a jere suna kallon ƙofa har a kawo musu abinci, kamar 'yan kwamiti. Babban abin kuma, ba sa kwanci. Wata rana Tela ya leƙo ta katanga, zare a wuya, ya ce, "Maƙwabci, taka tana zama a kan ƙwai? Tawa sai ta ajiye ta kama gabanta, ko waiwaye babu." Wato an ba mu irin da ba ya haifar da iri. Idan waɗannan suka ƙare, sai mu jira wata rumfar da wani jawabin.

Ba su ma jira tsufa ba. A wata na biyu ciwo ya shigo unguwa. Kaza ta tsaya tana gyangyaɗi da rana tsaka, kashi kore, wuya ya karkace, washegari sai a haƙa rami. Na tafi ofishin shirin neman maganin rigakafi. Aka ce kwalba ɗaya ta kaji dubu ce, ba a fasa ta don kaza huɗu. Muka bi gida-gida ni da Tela muka tattara sunayen masu kaji, muka kai takarda. Aka ce maganin sai da sanyi, firjin sai da wuta, janaretan sai da mai, man kuma sai Yallaɓai shugaban ofis ya sa hannu. Na koma sau shida. A na shidan masinja ya tausaya mini, ya rage murya ya ce, "Baba, takardarku ba ta ɓata ba. Yallaɓai yana zaune a kanta."

Na ce to madalla, ashe a cikin shirin akwai mai kwanci.

A lokacin Gwaggo ita ma ta hau kwanci a kan ƙwai tara, uku daga ciki na jajayen ne, domin zakaran Tela ya yi aikinsa ba tare da cike takarda ba. Matata ta ɗauke ta da kwandonta ta kai ɗakinmu, bayan ƙofa. Ta hana shiga da takalmi, tana sauya mata ruwa sau biyu a rana, ta ƙone tsohuwar shimfiɗar akurki, ta zuba toka. Jajayenmu uku suka tafi cikin mako ɗaya. Na Tela ma haka, har da zakaran. Ranar da Gwaggo ta ƙi sauka ta ci dusa, na tarar da matata zaune a ƙasa kusa da kwandon tana share ido da gefen zani, tana cewa ita kaɗai ta rage mata daga hannun Inna. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji kunya, domin ni ne na yi ta zirga-zirgar ofis ban dawo da komai ba sai ƙura a takalmi.

A kwana na ashirin da ɗaya muka ji ƙaramin kuka daga bayan ƙofa. Takwas ta ƙyanƙyashe, ta fito da su tsakar gida tana tafiya kamar ba a yi komai ba.

To, jiya sai ga Yallaɓai da kansa, da mai ɗaukar hoto, za a haɗa rahoton nasarar shiri. Sun zaga unguwa ba su sami ingantacciya ko ɗaya da rai ba, sai wani ya ce musu akwai 'yan tsaki a gidana. Yallaɓai ya gan su ya yi murmushi, ya ce wannan shi ne abin da Mai Girma yake son gani. Sannan ya nuna Gwaggo ya ce, "A cire baƙar nan daga hoto, ba ta cikin shiri."

Matata ta ce, "Yallaɓai, a yi a hankali, ba a taɓa mata 'ya'ya."

Ya ce shekararsa ashirin a harkar kaji. Ya miƙa hannu. Sauran kun riga kun ji.

Yana ɗaure hannu da hankici na tambaye shi labarin rigakafinmu, tunda ga takwas suna bukata. Ya ce takarda ta kusa fitowa.

Saboda haka, Yallaɓai, a madadin Gwaggo ina ba da haƙuri. Ba ta yi makaranta ba, ba ta san manya ba, kuma a rubuce yake cewa ba ta da inganci. Roƙona ɗaya ne: idan zaman ya gajiyar da kai, ka aiko mana da takardar nan mu sa mata a kwando. Ita kwana ashirin da ɗaya take yi.