Tallafin da Baffa ya ɗauko a a-kori-kura

Jiya tun da sassafe nake layin mai da jarka, saboda a-kori-kurar da muka yi haya. Maƙwabcina Baffa, mai gidan motsa jiki a unguwarmu ta Ƙofa, aka kira ya je karɓar tallafi, ni kuma sarkin shisshigi na ce sai na raka shi.

Shekara shida Baffa na cin abinci da kayan da ya haɗa da hannunsa: siminti a gwangwanin fenti, an soka sandar ƙarfe a tsakiya. Samari su ɗaga, su yi gumi, kowa ya tafi da ƙwanjinsa. Sai kwanan baya wani ranka-ya-daɗe ya leƙo, ya yatsina fuska, ya ce wannan tarkace abin kunya ne, a share ɗaki, injinan zamani na tafe.

Hasiya matar Baffa ta ce masa, "Malam, a bari su iso mana tukuna."

Ina! Ganin hadari ya sa shi wanka da kashi. Ya farfasa simintin ya cike ramin ƙofar gida, ƙarafan ya sayar wa 'yan gwangwan.

A ɗakin taro mun sha jawabi awa uku da ruwan leda ɗaya. Daga nan Mai Girma Garkuwan Masu Tumbi, wanda hawa matakala huɗu ya sa shi haki, ya miƙa wa kowane mai gidan motsa jiki ambulan. Aka ɗau hoto. Baffa ya buɗe, sai ga takarda ƙwaya ɗaya: sunayen littattafan kasuwanci goma sha biyu da ya kamata ya karanta, dukkansu da Turanci, da shirye-shiryen da zai riƙa saurare a waya. A unguwar da sai ka hau katanga kafin waya ta kama!

"Ranka ya daɗe, injinan fa?"

"Malam Baffa, ilimi ya fi ƙarfe nauyi. Ka fara da na uku, ni ma an ce min yana da kyau."

Littattafan ma ba a ba shi ba, sunayensu kawai. Kai, Allah ya saka wa manyanmu! Wasu ƙasashen sai a ɗora wa talaka kaya har bayansa ya ƙage, namu kuwa sun tausaya mana.

Surajo direba ya dubi takardar, ya dubi igiyar da ya taho da ita, ya ce, "Baffa, a ɗaure ta, ko za ka riƙe?"

Na yi dariya, amma da muka shigo unguwa ta koma ciki. Samari goma sha biyar na tsaye a ƙofa sun cire riguna, suna jiran sauke kaya. Wallahi tausayin Baffa ya kama ni. Ya sauko ya miƙa wa babbansu, Zayyad, takardar. Shi ya yi boko, ya karanta na ukun ya fassara mana: yadda za ka riƙe abokan cinikinka kada su gudu.

Kafin ya kai na huɗu, rabinsu sun mayar da riguna.

In akwai mai littafin nan a cikinku, don Allah ya ara wa Baffa. Ba sauri yake ba, yanzu yana da ɗaki shararre da ba mai damun sa da hayaniya.