Rasuwar Ɗan Gunguni, Injin Tace Ruwan Shagon Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, mai askin da ke shagon ƙasan bene yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa, rasuwar injin da ke tace ruwan tankin kunkurunsa, wanda aka fi sani da Ɗan Gunguni. Marigayin ya cika ne da hantsin ranar Talata, a bakin aikinsa, bayan doguwar rashin lafiyar da ba wanda ya yi jinyarta.

Ɗan Gunguni bai fi sandar sabulu girma ba. Ya yi rayuwarsa manne da gilashi a kusurwar tanki, bayan dutsen da kunkurun ke hawa ya sha ɗumi. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa sa baki a gardamar ƙwallon da ake yi a shagon ba. Abin da aka san shi da shi kawai shi ne "zrrr, ɓul-ɓul" daga buɗe shago har rufewa. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, shi ke fara tashi, tun kafin injin aski ya farfaɗo.

Ya shigo shagon tare da kunkurun ruwan da masu zuwa aski suka raɗa wa Manaja, don ba ya aikin komai sai ci da kallon mutane. Yayar mai askin ce ta ba shi amanarsu su biyu, lokacin da aiki ya mai da ita wani gari. Ta miƙa masa robar ƙwayoyin abincin kanti, ta ja masa kunne.

"Ƙanena, kada ya wuce cikin ɗan cokali, kuma ba kullum ba. Sauran ka cika masa da ganye. In ya yi maka kallon yunwa, ƙarya yake yi."

Ya riƙe wannan magana har ranar da aka kawo masa wani yaro mai tsoron aski, yana ihu yana harbin iska. Dabara ta ƙare wa mai aski, sai ya zuba wa yaron ƙwayoyi a tafin hannu ya ce ya jefa wa Manaja. Yaro ya yi tsit, aka aske shi tas yana dariya. Kafin a ce kwabo labari ya zaga unguwa, iyaye mata suka riƙa jero 'ya'yansu a benci, kowane yaro da nasa tafin. Manaja ya ci iya cinsa. Abin da ya rage ya jiƙe, ya kumbura, ya marmashe, ya gangara ƙasa, Ɗan Gunguni ya haɗiye bai ce uffan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai aski ba zai ce bai ga alama ba. Muryar marigayin ta fara dushewa, "zrrr" ya koma "ƙar-ƙar-ƙar" kamar mai tsohon tari, sai ya ƙara wa rediyo murya. Ruwa ya yi launin shayi, ya ce hasken fitila ne. Wari ya taso, ya fesa turaren da yake fesa wa mutane a ƙeya. Matarsa ta kawo masa abincin rana, ta tsaya ta kasa kunne.

"Maigida, abin nan naka kuka yake yi fa."

"Haka muryarsa take," ya ce, bai ko juyo ba.

In injin ya tsaya, sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan mataji, shi kuma bawan Allah ya yunƙura ya ci gaba. Ranar Talata ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa. Marigayin ya yi "ɓul" guda, ya saki kumfa, shi ke nan.

Maƙwabcinsa mai gyaran fanka ne ya buɗe gawar. Ya zaro soson cikinta, baƙi ƙirin, danƙare da ruɓaɓɓen abinci, ya daɗe yana kallon mai aski.

"Maƙwabci, wannan ai ba mutuwa ya yi ba, kashe shi aka yi."

Tun ranar, in shago ya yi shiru tsakanin wannan aski da wancan, sai mai aski ya ji kunnensa na neman gunjin da ya daɗe yana dannewa da rediyo.

Marigayin ya rasu ya bar Manaja, wanda ya yi ƙibar da in ya ja kansa cikin ƙoƙon bayansa sai ƙafafu su tsaya a waje. Yanzu haka yana cikin baho a bayan shago, idanu a kumbure, yana hararar ganyen latas, likitan dabbobi kuma ya ce sai an yi haƙuri da shi. Marigayin ya bar fitilar ɗumi, da dutse, da rabin robar abinci, wadda iyali ke roƙon kada a ɗora mata laifi, don ƙa'idar a rubuce take a jikinta. Ya kuma bar yayar mai aski, wadda har jiya ta bugo waya aka ce mata kowa lafiya lau. Duk wanda ya san ta, don Allah ya bari ƙanenta ya faɗa mata da bakinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an share gashin safe, za a kuma kwantar da marigayin a aljihun tebur na ƙasa, inda tsofaffin injinan aski suke hutawa. Ana karɓar gaisuwa a benci. Masu zuwa da yara su zo da abin lallashinsu daga gida. Wankan gawa kuwa mai aski ya roƙi a bar masa shi kaɗai, zai yi shi da ɗan burushin da ya zo a kwali ɗaya da marigayin, wanda sai ranar za a fara cire shi daga leda.