Ruwan Alwalar Yaya a Tankin Gas

Muna lodin tumatir a Kadawa aka bugo mini waya: Yaya ya rasu, jana'iza bayan la'asar a Bunkure. Babbar motarsa nake ja, ga gas ya yi ƙasa. Na jawo jarkar da ke bayan kujerarsa.

"Direba, sunsuna tukuna," in ji mai tumatirin.

"Ni za a koya wa gas?" Na juye ta tas a tanki.

Ashe ruwan alwalarsa ne. A gefen kanal ɗin ruwan noman rani motar ta yi tari, ta mutu. Kafin bakanike ya tsiyaye tankin ya canja filta, an binne Yaya.

Har yau a tasha "Mai yi wa mota alwala" suke kirana, suna dafa kafaɗata. Inna kuwa, ban faɗa mata abin da ya tsayar da ni ba tukuna.